Kitsen Tumbi da Ciwon Suga: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan kitse da suga. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya: Shekaruna 46, ina da shagon atamfa, a zaune nake wuni. An auna min suga da safe kafin in karya, aka samu 6.4. Likita ya ce ban kai ga ciwon suga ba tukuna, amma jikina ya fara ƙin jin insulin, wai kuma tumbina ne sila. Ni ba mashayin zaƙi ba ne. Me ya haɗa tumbi da suga? — Wani magidanci, Zariya

Amsa: Alhaji, likitanka bai yi maka ƙage ba. Da farko dai, ba sai ka sha zaƙi suga ke shiga jininka ba. Tuwo, shinkafa, burodi, doya da taliya duk suga suke komawa da zarar hanji ya narkar da su. Da sugan ya hau, sai fankiriyas, wata doguwar gaɓa da ke kwance a can bayan ciki, ta saki insulin. Umarni uku insulin ke bayarwa: tsoka ta kwashe suga daga jini, hanta ta daina zubo nata sugan, kitse kuma ya riƙe man da ya adana, kada ya sake shi. Idan aka ce jiki ya bijire wa insulin, ana nufin waɗannan gaɓoɓi uku suna jin umarnin amma sai an nanata musu da ƙarfi kafin su motsa.

Kitsen da ke ƙarƙashin fata, musamman na cinya da ɗuwawu, tamkar rumbu yake. Muddin akwai wuri a cikinsa, rarar abinci na shiga ta zauna lafiya. Idan ya cika, sai a fara jibge kaya a zaure da ɗakin kwana, wato a kewayen hanji, a cikin hanta, a cikin tsoka, har da fankiriyas ɗin kanta. A nan matsala take farawa.

Kitsen kewayen hanji, wanda shi ne ke turo tumbi gaba ya yi tauri, ya fi sauran saurin sakin mai, kuma jinin da ke fitowa daga cikinsa ba ya bin doguwar hanya. Yana shiga babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji ne, kai tsaye zuwa hanta. Hantar da mai ya cika ba ta jin "dakata". Cikin dare kana barci, ba ka ci komai ba, ita kuwa tana ta zubo suga. Abin da ya sa ke nan awon safe ya nuna 6.4.

Bayan mai, kitse yana aika saƙo. Har zuwa farkon shekarun 1990 ana ɗaukarsa ma'ajiya ce kawai, sai bincike ya nuna gaɓa ce mai fitar da homon iri-iri, wato sinadaran da ke kai saƙo ta jini zuwa wasu gaɓoɓi. Wanda ya fi shafarka shi ne adifonektin, wanda Philipp Scherer da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1995, masana a Osaka ta Japan kuma suka gano shi ta nasu ɓangaren a 1996. Aikinsa shi ne sa hanta da tsoka su ƙone mai, su kuma saurari insulin. Abin mamakin shi ne, kitse ke yin sa, amma duk lokacin da kitsen ciki ya ƙaru, sai shi ya ragu. Ƙwayoyin kitse ƙanana masu lafiya ne ke fitar da shi da yawa. Waɗanda suka kumbura suka yi maƙil ba sa iyawa.

Sai kuma kumburi. Ƙwayar kitse da ta cika fiye da kima ba ta samun isasshiyar iska daga jini, wasu ma mutuwa suke yi. Ƙwayoyin garkuwar jiki sai su taru a kansu don su share wurin, suna fitar da sinadarai irin su TNF-alfa da IL-6. Tun 1993 Gökhan Hotamisligil da Bruce Spiegelman suka nuna a Boston cewa kitsen ɓeraye masu ƙiba na fitar da TNF-alfa, kuma idan aka toshe shi sai jikinsu ya fi jin insulin. Waɗannan sinadarai, tare da ɓurɓushin man da ya maƙale a tsoka, suna lalata saƙon ne a cikin ƙwayar halitta. Insulin ya zo ya manne a bayanta, amma saƙon bai isa ga ƙananan mashigan suga da ake kira GLUT4 ba, balle su fito su shigar da shi. Wannan kumburi ba ya zafi, ba ya sa zazzaɓi, shi ya sa mutum ke shekara da shekaru da shi bai sani ba.

Fankiriyas ba ta zuba ido. Tana ninka insulin ɗin da take fitarwa, kuma hakan na riƙe suga a daidai na tsawon shekaru. Ranar da ta fara gajiya ne lamba ke fara hawa. Babban binciken UKPDS na Birtaniya ya ƙiyasta cewa a ranar da ake tabbatar wa mutum da ciwon suga nau'i na biyu, wato irin da ke tasowa daga bijire wa insulin, kusan rabin ƙarfin ƙwayoyin da ke yin insulin ya riga ya tafi. Kai ba ka kai can ba. Ƙasa da 5.6 lafiya ne; daga 5.6 zuwa 6.9 bakin gaɓa ne (Hukumar Lafiya ta Duniya daga 6.1 take fara lissafi), 7.0 zuwa sama, idan an maimaita an tabbatar, ciwon suga ne. Idan na'urarka da manyan lambobi take awo, ka ninka da 18: 7.0 ita ce 126, taka kuma kusan 115.

Ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka. A tsaye, ba riga, ka laluɓo haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef ɗin a tsakiyarsu, ka saki numfashi, kada ka tsuke ciki. Ga namiji, santimita 94 (inci 37) zuwa sama alama ce. Ga mace 80 (inci 31 da rabi). Wata ƙa'ida mai sauƙi: ƙugu kada ya kai rabin tsayi, wato mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. Kada ka dogara da lambar wandonka, domin yawancin maza a ƙarƙashin tumbin suke ɗaure shi.

Tambaya: Na karanta cewa akwai homon mai suna leftin da ke kashe yunwa. Me ya hana a riƙa yi wa masu ƙiba allurarsa? Na ga ana tallar ƙwayoyinsa a Facebook. — Ɗalibi, Kano

Amsa: Masana ma sun yi wannan zaton. Tun 1949 aka ga wasu ɓeraye a wata cibiyar bincike a jihar Maine ta Amurka da ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan uwansu nauyi. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller da ke New York ya gano abin da suka rasa, wato leftin. Kitse ne ke fitar da shi, ya tafi ƙwaƙwalwa ya sanar da ita cewa akwai ajiya. Da aka yi wa ɓerayen allurarsa, sai suka rage ci suka rame. A 1997 likitoci a Cambridge ta Ingila suka samu yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalin Pakistan, da aka haifa ba su da shi sam. Allurar ta yi wa masu irin wannan lalura aiki sosai.

Amma irinsu ƙalilan ne a duk duniya. Mai ƙiba na yau da kullum ba rashin leftin ke damunsa ba, yana da shi fiye da na siriri nesa ba kusa ba, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraro. Gwajin da aka yi na ƙara musu bai haifar da abin kirki ba. Inda leftin ya fi nuna ƙarfinsa shi ne lokacin da ya faɗi: mutum ya rage nauyi, leftin ya sauka, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, sai ta ƙara yunwa, ta rage ƙona abinci. Shi ya sa riƙe ramar ya fi yin ta wuya, ba wai don mutum rago ne ba.

Ƙwayoyin talla kuwa, ka riƙe kuɗinka. Leftin furotin ne; idan ka haɗiye shi, ciki narkar da shi zai yi kamar yadda yake narkar da nama.

Tambaya: Bayan wuyana da hamatata sun yi baƙi, fatar ta yi kauri. Na dirje da soso har na ji ciwo, na shafa mai, bai fita ba. Al'adata takan yi wata uku ba ta zo ba, gashi na fito min a haɓa, kuma shekara uku da aure ban samu ciki ba. — Matar aure, Maraɗi

Amsa: 'Yar uwa, ki ajiye soson, ba dauɗa ba ce. Idan insulin ya yi yawa a jini, yana sa ƙwayoyin fata su riƙa hayayyafa a wuraren da fata ke naɗewa, sai wurin ya yi duhu da laushi. Sau da yawa wannan na bayyana tun kafin suga ya hau.

Sauran abubuwan da kika lissafa sun yi kama da lalurar da likitoci ke kira PCOS, ko SOPK a asibitocin Nijar. Tsoka da hanta sun bijire wa insulin, amma gidan ƙwai bai bijire ba. Yawan insulin sai ya tunzura shi ya fitar da homon ɗin maza fiye da kima, ya kuma sa hanta ta rage furotin ɗin da ke ɗaure wannan homon a jini. Sakamakon shi ne ƙwai ya fara girma ya tsaya bai fashe ba, al'ada ta jinkirta, gashi da ƙuraje su fito. Ana tabbatar da lalurar idan aka samu biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamun homon ɗin maza, da hoton gidan ƙwai mai ƙananan ƙulli da yawa, bayan an kawar da sauran dalilai kamar matsalar maƙoƙo.

Gwajin da ya fi dacewa da ke shi ne na shan ruwan suga: a ɗebi jini ba ki karya ba, ki sha giram 75 na gulukos, a sake ɗiba bayan awa 2. Da ma'aunin da ake rubutawa a Nijar, ƙasa da giram 1.40 a lita lafiya ne, 1.40 zuwa 1.99 bakin gaɓa, 2.00 zuwa sama ciwon suga. Akwai gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, inda kashi 6.5 cikin ɗari ke nuna ciwo, amma yana yaudara ga mai sikila, da mai ƙarancin jini, da wadda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. A yankinmu wannan ba ƙaramin lamari ba ne, don haka ki faɗa wa likita jinotaif ɗinki (AA, AS ko SS). Awon insulin kansa ba dole ba ne; yana da tsada, kuma ba a yi ittifaƙi a kan lambar da za a ce ta wuce iyaka ba.

Idan kina da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki kan dawo da al'ada. Likita na iya ƙara maganin suga metformin, sannan don neman haihuwa akwai letrozole mai sa ƙwai ya fita. Kada ki bar al'ada ta wuce kwana 90 ba ki je asibiti ba, saboda bangon mahaifa na yin kauri. In Allah ya kawo rabo, a auna miki suga tun zuwan farko, a kuma maimaita tsakanin mako na 24 da na 28.

Tambaya: Ni siriri ne, nauyina kilo 61, amma an ce ina da ciwon suga. Ashe ba ciwon masu ƙiba ba ne? — Malamin makaranta, Gombe

Amsa: Malam, girman ma'ajiyar kitse ba ɗaya ba ne ga kowa. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle ya yi bayanin cewa kowane mutum na da iyakar kitsen da fatarsa za ta iya ɗauka. Wani sai ya kai kilo 110 bai cika ta ba, wani a kilo 65 ya riga ya fara zuba wa hanta. Hujja mafi ƙarfi ita ce mutanen da aka haifa ba su da kitsen ƙarƙashin fata ko kaɗan. Jijiyoyinsu a fili, ba teɓa ko ɗaya, amma suna cikin waɗanda suka fi kowa bijire wa insulin, domin mai ba shi da wurin zuwa sai hanta da tsoka. Su ne ma allurar leftin ke taimaka wa, an amince da ita a Amurka a 2014. Don haka ka auna ƙugunka, ka kuma tuna ko ka fi nauyinka na samartaka.

Sai dai kada a yi gaggawar ɗora wa kitse laifi. A wurin siriri, wani lokaci insulin ɗin ne babu: nau'i na ɗaya na iya zuwa wa babba, fankiriyas na iya lalacewa, akwai kuma nau'in da ke da alaƙa da rashin abinci mai gina jiki tun ƙuruciya, wanda Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta kira nau'i na biyar a taronta na Bangkok a 2025. Idan kana ramewa ba da niyya ba, ga ƙishirwa da yawan fitsari, kada ka rage abinci. A duba sinadarin kiton, wanda ke taruwa idan jiki ya rasa insulin ya koma ƙona kitse, a fitsarinka. Amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama tare da hawan suga na bukatar asibiti a ranar.

Tambaya: 'Yata za ta yi aure, ƙawayenta sun ba ta ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda ake ce wa "sha ka fashe". Ta yi kumatu, amma tana yawan shan ruwa da fitsarin dare. — Uwa, Katsina

Amsa: Hajiya, ki karɓi kwalin ki duba. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan dexamethasone ne ko prednisolone, magungunan asma da kumburi masu kwaikwayon homon ɗin kotisol. Ba ƙibar lafiya suke sawa ba. Suna kwashe kitse daga hannu da ƙafa su tara shi a fuska, da bayan wuya, da cikin ciki, wato daidai inda ya fi illa. Suna cinye tsoka, suna sa hanta ta zubo suga, suna toshe aikin insulin. Sai ka ga fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu sun sirance, ga nankarwa mai faɗi, ga hawan jini. Mayukan bilicin masu ɗauke da clobetasol ma na iya yin haka idan ana shafe jiki da su wata da watanni.

Ƙishirwa da fitsarin nan na nufin a auna ta yau. A yi awon awa 2 bayan cin abinci, domin irin wannan suga bayan ci yake fara hawa, awon safe na iya fitowa lafiya. Abu mafi muhimmanci: idan ta wuce mako uku tana sha, kada ta daina rana ɗaya. Ƙananan gaɓoɓin da ke saman ƙoda, masu yin kotisol na jiki, sun kwanta barci. Yankewa kwatsam na kawo kasala, amai, faɗuwar jini, har rasa rai. Likita ne zai riƙa rage mata a hankali.

Tambaya: Idan kitsen ciki ne matsala, tiyatar zuƙe kitse ko ɗamarar matse tumbi za su yi magani? — Ma'aikaciya, Abuja

Amsa: A'a. Na ƙarƙashin fata ake zuƙewa, allurar ba ta isa na kewayen hanji ko na hanta. A wani bincike da Samuel Klein ya jagoranta a St. Louis a 2004, an cire wa mata masu ƙiba kimanin kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fatar ciki ta wannan hanya, amma jin insulin ɗinsu bai canza ba. Ɗamara gumi kawai take sawa. Shayin rage tumbi kuwa galibi zawo yake sawa, ruwa ne ke fita.

Tambaya: An ƙara min pioglitazone a kan metformin. Sugana ya sauka, amma na ƙara kilo 3. Ba saɓani ke nan ba? — Ɗan kasuwa, Kumasi

Amsa: Ba saɓani ba ne, haka maganin ke aiki. Yana sa jiki ya ƙirƙiri sababbin ƙananan ƙwayoyin kitse a ƙarƙashin fata, sai mai ya bar hanta ya koma can, adifonektin kuma ya hau sosai. Nauyi ya ƙaru, amma kitsen ya koma mazauninsa. Sai dai wani ɓangare na kilon ruwa ne. Ka danna ƙaurinka da yatsa. Idan ya loma, ko kana haki in ka kwanta, ka koma wurin likita da wuri, domin ba a ba mai raunin zuciya wannan magani. Yana kuma ƙara haɗarin karaya, musamman ga mata. Metformin shi a hanta ya fi aiki, ba ya sa ƙiba. A sha shi tare da abinci don rage tashin zuciya da gudawa, a riƙa duba ƙoda, sannan bayan 'yan shekaru a auna bitamin B12.

Tambaya: Kilo nawa zan rage kafin in ga canji, kuma ana warkewa? Shekara biyu ke nan da aka gano min, nauyina kilo 98, ina shan glibenclamide. — Direba, Sakkwato

Amsa: Kitsen hanta ne ke fara tafiya, tun kafin madubi ya nuna komai. A binciken rigakafin ciwon suga na Amurka da aka wallafa a 2002, mutum 3,234 da ke bakin gaɓa ne suka shiga. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyi da motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Masu shan metformin, da kashi 31. Ga wanda ya riga ya kamu, kamar kai, binciken DiRECT na Birtaniya a 2017 ya ɗauki waɗanda ba su wuce shekara 6 da ciwon ba, ya ɗora wasunsu a kan shirin rage nauyi ta hanyar rage abinci. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 na waɗanda aka ɗora a kan shirin sugansu ya daidaita ba magani, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. Lafawa ce, ba warkewa ba; idan nauyin ya dawo, ciwon na dawowa. Ka fara da burin kilo 7, sannan ka nufi 15.

Ka fara yanke abin sha. Kwalbar lemo mai santilita 50 na iya ɗaukar kimanin giram 50 na sukari, wajen ƙaramin cokali 12. Ka haɗa da shayi mai madarar gwangwani, kunun zaƙi, zoɓo da furar da aka zuba wa sukari. Zuma ma suga ce. A faranti, rabi ya zama ganye, kamar zogale, rama, alayyahu ko kabeji. Kwata wake, kifi, ƙwai ko nama. Kwata tuwo, malmalar da ba ta wuce dunƙulen hannunka ba. Tuwon alkama da ake ta yayatawa shi ma yana ɗaga suga, girman malmala ne abin lura.

Tsokar da ke aiki tana fito da mashigan GLUT4 ba tare da jiran insulin ba, kuma amfanin kan ɗore kwana ɗaya zuwa uku. Don haka kada ka tsallake fiye da kwana biyu a jere. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan kowane abinci ta fi ta sa'a biyu a ranar Lahadi kaɗai. A doguwar tafiya, duk inda ka tsaya sallah ko shan mai, ka zagaya da ƙafa. Sau biyu a mako ka yi abin da zai wahalar da cinya da dantse, kamar tsugunno da tashi. Idan kana minshari mai ƙarfi kana kuma gyangyaɗi da rana, ka faɗa wa likita. Ɗaukewar numfashi cikin barci na ƙara bijire wa insulin, ga kuma haɗarinsa a kan sitiyari.

Maganinka ne abin tsoro a nan. Glibenclamide na tilasta wa fankiriyas ta saki insulin ko ka ci ko ba ka ci ba. Idan ka rage abinci ba a rage shi ba, suga zai faɗi. Ka ga likita kafin ka fara, wataƙila ya rage ko ya canza maka. Ka riƙa awo kafin ka tayar da mota. Rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani ko ganin dishi-dishi, ko lamba ƙasa da 3.9 (wato 70), na nufin ka faka nan take, ka sha ƙaramin cokali 4 na sukari a ruwa, ka sake awo bayan minti 15, ka ci abinci, kuma kada ka koma kan hanya sai minti 45 bayan lambar ta haura 5.